Kaskon turare da kanarin matata

Shekara tara ina wanke kwanonin masoya kafin in gwada yin bikin nasu da kaina. A wani gidan abinci nake aiki a Paris, can baya inda babu taga, daga ni sai famfon ruwan zafi. Duk ranar sha huɗu ga Fabrairu, wadda nasaru ke ce wa San Balantan, teburan mutum biyu-biyu ake jerawa. Ban taɓa ganin fuskokin masu zama a kansu ba. Faranti kawai ke iso mani: shokola, wato cakulan, da ta narke ta daskare, kakin kyandir da ya ɗiga a kan cokali, jan-baki a bakin kofi, ganyen fure cikin miya. Kakin nan ya fi komai ba ni haushi, don sai an sa wuƙa an kankare. A lokacin, da an tambaye ni mene ne San Balantan, da na ce rana ce da bayana ke ciwo fiye da kullum.

Matata kuwa tana Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon, a hawa na shida. Can muka fara zama, can muka reni ɗiyarmu guda ɗaya, wadda ta yi aure ta bi mijinta wata ƙasa. Da masana'antar da nake yi wa aiki ta rufe, na zaga Lyon wata bakwai ban samu komai ba, sai wani ɗan garinmu ya kira ni Paris. Na ce mata wata shida ne kawai, in abu ya daidaita ko ta biyo ni ko in dawo. Ita ba ta iya barin gidan, don mun sha wuya kafin a ba mu shi, kuma tana da aikinta na kula da tsofaffi gida-gida. Wata shidan nan ne ya zama shekara tara. A Stains, gefen Paris, nake kwana, ɗaki ɗaya mu huɗu, duk magidanta, kowa da katifarsa da tukunyarsa. Sau ɗaya a wata nake hawa babbar motar fasinja da muke ce wa kar, in je in kwana biyu in dawo.

A shekara ta biyar tsuntsun ya shigo gidan. Kanari ne, ruwan ɗorawa, bai cika tafin hannuna ba. Na wata tsohuwar nasara ne da matata ta daɗe tana yi wa wanka da girki. Da aka zo ɗaukar tsohuwar zuwa gidan tsofaffi, aka ce can ba a shiga da tsuntsu. Ta riƙe hannun matata ta sa ta yi mata alkawari: za ta riƙe shi har ya mutu don kansa, ba za ta ba kowa ba, ba za ta sake shi ba. Tsohuwar ba ta yi wata biyu a can ba ta rasu. Matata kuwa ba ta wasa da alkawari, balle wanda ta yi wa mamaci.

Ni ban so shi ba, ba zan ɓoye ba. A garinmu yara ne ke kiwon kanari, ba mace mai furfura ba. Ta sa masa suna ladan, wai don yana fara kuka da zarar gari ya soma haske. Da Hausa take yi masa magana, ta gaya masa abin da tsofaffinta suka yi yau, ta tambaye shi me za a dafa. In na kira ta a salula sai in ji shi yana ta zuba a bayanta, ta ce ladan na gaishe ni. Wata rana na ce mata ta fi kula da shi a kaina. Ta ce ai shi kullum yana gida.

Amma ba wannan ne ya ci mani rai ba. Turare ne.

Mahaifiyarta mai haɗa turaren wuta ce a Damagaram, an san ta da shi a unguwarsu. Kajiji, farce, sandal, sukari, da wasu abubuwan da ba ta gaya wa kowa. Tun ranar da aka kawo mani matata da wannan ƙamshin na san ta. Da na fara zaman Paris, duk ranar da zan zo, tun daga bakin asansar, na'urar hawa bene, nake jin shi. Maƙwabta ma sun gane, in suka ji ƙamshi a hawa na shida sun san mai gidan ya iso. Ba ta taɓa ce mani ta yi kewata ba, ni ma ban taɓa ce mata ba. Turaren ke faɗa, ni kuma in shigo da tsaraba. Haka muke.

Sai wata rana na iso, gida na ƙamshin sabulu kawai. Na ce ko ta gaji ne. Wata mai zuwa ma haka. Na uku ma haka. Ban tambaye ta ba. A ganina namiji ba ya buɗe baki ya tambayi matarsa me ya sa ta daina turara masa ɗaki, ai amsar a fili take. Na yanke wa kaina hukunci cewa ta fita harkata. Sai na rage tsaraba, daga baya na daina. Na fara tsallake wata ban zo ba, in ce aiki ya yi yawa. Ita ma ba ta ce don me ba. Shekara huɗu muka yi a haka.

Cikin watan Janairu na wannan shekarar da nake ba da labari na je kamar yadda na saba. Ranar da zan koma, ina ɗaure jaka, tana durƙushe tana canja jaridar da ke shimfiɗe ƙarƙashin keji, ta yi magana ba ta ko juyo ba. Ta ce ta gaji. Gwiwoyinta sun gaji da ɗaga tsofaffin mutane, kunnenta ya gaji da shiru. Ƙanwarta ta ware mata ɗaki a Damagaram, tana so ta je ta zauna inda in ta yi tari wani zai ce sannu. Na ce gidan fa, da aikin?

Ta ce, "Malam, da ba don alkawarin tsuntsun nan ba, da sanyin bana bai same ni a ƙasar nan ba. Ranar da ya mutu ka fara nema mani tikiti."

Na so in mai da abin wasa, na ce to Allah ya ja da ran ladan. Ba ta yi dariya ba. Ta naɗe tsohuwar jaridar ta kai shara.

Cikin kar, awa shida da wani abu, ban runtsa ba. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa tunanin za a wayi gari babu ita a hawa na shidan nan ba. Ko ba na zuwa, na san tana nan, kuma da wannan nake iya tsayuwa gaban famfo daga safe zuwa dare. Yanzu ga shi an gaya mani zaman nata duka a kan ran wani abu yake wanda bai kai nauyin makulli ba. Daga ranar na koma mai tambayar lafiyar tsuntsu. In na kira sai in ce ya ci abinci, ba ya jin sanyi ko? Ta ce yaushe na fara son shi. Na ce ai maƙwabcin arziki ne.

Ban san abin da ake yi a gyara irin wannan ba. Ban yi lakkol, wato boko, mai nisa ba, kuma ba ni da baki. Abin da na sani shi ne kowace shekara ina ganin faranti na dawowa daga teburan nan, kuma da wuya a ji an yi faɗa a ranar. Na ce bari in gwada abin nasaru tunda namu ya mutu. Na je wurin shef, shugaban kicinmu, na roƙi ranar sha huɗu. Ya dube ni kamar na ce ya ba ni motarsa. Sai da na yi alkawarin Lahadi huɗu a jere kafin ya yarda.

Mutanen ɗakinmu suka samu abin yi. Ɗaya ya ce tsoho zai yi San Balantan, a sayo masa jan wando. Wani ya ce in zan durƙusa in ba da fure in tabbata akwai mai ɗaga ni. Babbanmu, mai yawan carbi, ya ce wannan ba al'adarmu ba ce, bai ga dalili ba. Mai maganar jan wandon ya ce masa, Alhaji, kai ma da kana da wadda za ka kai wa fure a ƙasar nan da tuni ka samo fatawa. Na bar su suna yi.

Wadda ta taimake ni ita ce matar da ke yin kayan zaƙi a wurin aikinmu. Nasara ce, ta kusa sa'ata, tana da kyanwa biyu da kare, hotunansu ne cike da salularta. Ta haɗa mani kwalin shokola da hannunta, ta ɗaure da jan zare. Tana miƙo mani ta tambaya ko akwai dabba a gidan, don ita kowace shekara sai ta ji labarin wanda karensa ya cinye shokolar biki aka kwashe shi ranga-ranga. Na ce akwai tsuntsu, kuma ba na so ko gashinsa ɗaya ya faɗi. Ta ajiye abin da take yi ta lissafa mani da yatsu. Kada ya ɗanɗana shokola ko ɗan ɓarɓashi. Kada a ajiye fure inda bakinsa zai kai, don akwai masu guba. Kada a kunna kyandir kusa da keji. Zaren kwalin ma in ɓoye, kada ya naɗe masa ƙafa. Ta sa na maimaita. Na haddace su kamar karatun allo, ina ta bitar su a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Saint-Denis, inda nake sauka in nufi Stains. Ba ta ce komai a kan hayaƙi ba. Ina za ta san da kasko da garwashi a tsakar ɗaki? Ni ma a lokacin abin bai zo mani ba.

Ranar na hau kar ta farko. Ban gaya wa matata ina zuwa ba. Na iso Lyon da azahar, na sayi jajayen furanni a bakin tasha, na hau bas zuwa Rillieux ina riƙe da su a ƙasa-ƙasa kamar kayan sata. Ina da makullina. Ita sai biyar take tashi daga aiki.

Na yi komai yadda aka ce. Shokola na sa ta cikin firji, can sama. Zaren na cusa aljihu. Furannin na sa a jug na kai ɗakin kwana na rufe ƙofa. Kyandir kuwa na ce ba ma sai an yi ba, na gaji da kakinsa. Na wanke hannu sau biyu kafin in taɓa keji. Na canja masa ruwa, na ƙara masa tsaba. Yana ta tsalle daga wannan sanda zuwa waccan yana kuka. Na ce masa, ladan, yau ni da kai za mu riƙe ta.

Sannan na tsaya tsakiyar salon, wato falo, na duba. Komai tsaf, amma gidan kamar ɗakin jira na asibiti. Furen nasaru ba ya ƙamshi, na sa hanci har ciki ban ji komai ba. Sai zuciyata ta ce mani, abin da ya ɓace a gidan nan ai ka san shi. In ita ta daina yi maka, kai ka yi mata. Na ji daɗin wannan tunanin ƙwarai. Na ga kamar karo na farko ke nan da na yi dabara a aurena.

Na bincika kabad ɗinta, abin da ban taɓa yi ba. Can ƙasa na samu kaskon, naɗe cikin tsohon zane, da ledar gawayi, da kwalbar turare saura kamar kashi ɗaya cikin uku. Na gane rubutun da ke jikin murfin. Haɗin mahaifiyarta ne na ƙarshe, don ta rasu shekara uku kafin nan. Na ɗan tsaya, sannan na ce ai irin wannan ranar aka ajiye shi domin ta.

Ban taɓa kunna turare ba, aikin mata ne. Na sha ganin ta tana ɗiba da kan yatsu uku, amma na ce gidan ya daɗe bai sha ba, sai an ba shi da yawa. Na hura gawayi uku a kan gas har suka yi ja. Na ɗauko cokalin miya na zuba uku. Akwai wani farin abu da ake mannawa a rufin ɗaki, mai ihu in ya ji hayaƙi. A Stains in za mu soya abu safa muke sa masa, kowa ya san wannan. Na hau kujera na cire safata ɗaya na rufe shi, na ɗaure da roba. Na kulle tagogi duka don ƙamshin ya kama labule da kujeru. Na tura tawul ƙarƙashin ƙofar waje kada maƙwabta su ga hayaƙi su kira ƴan kwana-kwana.

Kada a ce ban tuna da tsuntsun ba. Na tuna. Wuta na ji wa tsoro, sai na ɗora kaskon a kan tire na ƙarfe, na janye shi daga kafet, taku uku daga keji. Da na ga hayaƙin ya fara tashi na ce kada ya shiga masa ido, na ɗauko mayafinta na lulluɓe kejin. Ya yi shiru. Na ce madalla, ya samu natsuwa.

Huɗu da rabi na ja ƙofa na sauka zuwa inda bas ke tsayawa. Tun da muka zo ƙasar nan ban taɓa zuwa tarbar ta ba. Na tsaya cikin sanyi, ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu. Bas ta farko ta zo babu ita, ta biyu ma haka. A ta uku ta sauko da leda biyu a hannu, tana ɗan ɗingishi. Da ta gan ni ta tsaya cak ta ce wa ya mutu. Na ce babu kowa. Ta ce to an kore ni daga aiki ne? Na ce a'a, yau sha huɗu ga wata.

Ta dube ni, ta dubi shagon da ke bayana da jajayen balan-balan a tagarsa, ta sake duba na. Sai dariya ta kama ta, har ta ajiye ledojin a ƙasa ta riƙe ciki. Na manta rabon da in ji wannan dariyar.

Ta ce, "Malam, da furfurarka?"

Na ce furfurar ce ta sa. Na ɗauki ledojin. Muka taho a hankali saboda gwiwarta. Ta ce za ta tsaya sayen burodi, akwai layi, ko mu bari? Na ce ta saya, ba sauri muke ba. Ni na faɗi haka da bakina. Ina so turaren ya ƙara kama gidan. A gangaren da ke gaban benenmu ta sa hannu ta riƙe gwiwar hannuna, ba ta sake ba har cikin asansar.

Ƙofar asansar na buɗewa a hawa na shida ƙamshin ya tarbe mu, duk da tawul ɗin. Ta tsaya ta lumshe ido. A hankali ta ce, turaren Inna ne. Na ga fuskarta ta saki, kamar ta shekarun farko. Bai fi numfashi biyu ba. Sai ta buɗe ido ta ce a ina na kunna. Na ce a salon. Ta ce ladan fa? Na ce kada ta damu, na lulluɓe shi.

Burodin ya faɗi ƙasa. Ta fizge makullin daga hannuna.

Daga bakin ƙofa ba a hangen taga. Ta kutsa ciki tana tari, ta buɗe ƙofar balko, ƴar barandar bene, ta yaye mayafin. Yana kwance a ƙasan keji ta gefe ɗaya, baki na buɗewa yana rufewa, jelarsa na motsi sama da ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta sa hannu ta ɗauko shi ta fita balko, tana hura masa iska a hankali tana kiran ladan, ladan. Ni na ɗauki kaskon da hannu, ban ma ji zafinsa ba sai daga baya, na kai kicin na sake masa ruwa.

Akwai likitan dabbobi a kan babban titi, tafiyar minti goma sha biyar. Ta sa shi cikin hijabinta a ƙirji muka fita. Matar da ke ɗingishi ɗazu, yanzu ni ke bin ta a baya da sassarfa. Mun wuce makarantar yara, mun kai daidai kantin magani, sai ta rage tafiya. Ta tsaya. Ta leƙa cikin hijabin, ta daɗe tana kallo. Ta ce ba sai mun je ba. Muka juyo. Ledojin da burodin suna nan a bakin ƙofa inda muka bar su.

Ta naɗe shi a farin ƙyalle ta ajiye kan tebur. Ta bi tagogi ta buɗe su duka. Sannan ta ɗaga kai ta ga safata a rufin ɗaki. Ta jawo kujera, da gwiwar nan tata, ta hau ta cire. Abin ya fasa ihu nan take, ihun da duk benen zai ji. Ta danna shi ya yi shiru, ta sauko ta miƙo mani safar. Da na bar shi a buɗe, da tun ina tsaye a tashar bas maƙwabta sun ɓalle ƙofa.

Muka yi magariba. Muka zauna a kicin, kowa da rigar sanyinsa a jiki, don gidan ya zama kamar waje. A nan ta gaya mani. Tun ranar da tsohuwar ta ba ta kejin ta ja mata kunne: hayaƙi kowane iri kashe shi yake, ko na turare, ko na feshi, ko na tukunyar da ta ƙone. Ƙirjinsu ba ya ɗauka. Shi ya sa ta naɗe kaskon ta ajiye tun makon farko.

Ta ce, "Shekara huɗu ba ka ji ƙamshi a gidan nan ba. Ka taɓa tambaya?"

Na ce na ɗauka ta daina so na ne, ta fita harkata.  Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ni kuma na ɗauka ba ka ma lura ba. Wata uku ina jira ka ce ina turare, in gaya maka, in kai shi wurin maƙwabciya duk ranar da za ka zo. Ba ka ce ba. Sai na ga tsaraba ta tsaya."

 Na ce gobe zan sayo wani, irinsa sak, ko biyu. Ta ce ba ga kanari ta yi alkawari ba, ga wannan ta yi. Na ce zan bar Paris in dawo, ko shara ce in yi. Ta ce ta ji wannan shekara tara da suka wuce. Ba da faɗa take magana ba, da ma faɗa ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ce ta san ba da gangan na yi ba, ta san ni ne na fi kowa son ya rayu, kuma ba ta riƙe ni a zuci ba. Amma abin da ta faɗa a Janairu ta faɗa.

Da safe na sauka bayan bene da cokalin miyan nan, na tona ƙarƙashin shinge. Ƙasar ta yi tauri, cokalin ya lanƙwashe. Tana tsaye a kaina da ƙyallen a hannu. Wani mai yawo da kare ya tsaya yana kallon mu, ya wuce. Shokolar ta kai wa tsofaffinta. Furannin ta fito da su salon, tana canja masu ruwa har suka bushe, don ita ba ta zubar da abu.

Wata uku ta yi tana shiri. A wata ukun nan kowane mako ina Rillieux, in sauka kar in hau kar, abin da ban yi ba a shekara tara. Na zaga neman aiki a Lyon da gaske, aka yi ta duban furfurata ana cewa za a kira ni. Na koyi tambaya. Ina tambayar ta me take tunani, me ya sa ta ajiye kaza, wace ce wannan a hoto. Tana ba ni amsa duka, wani lokaci har mu yi dariya. Na fara sa rai. Amma akwatuna ba su daina cika ba. Kejin ta wanke shi tas ta ba maƙwabciya. Gidan muka mayar wa masu shi.

Ranar da za ta tafi, gidan ya zama fili, babu labule babu kujera. Ta fito da kaskon da kwalbar, saura ɗan abin da ya manne a gindi. Ta ce in zo in gani. Gawayi ɗaya. Kan yatsu uku. Taga a buɗe kamar faɗin hannu. Hayaƙin ya tashi siriri, da ƙyar ake ganin sa. Ta ce haka ake yi, Malam. Ta karɓi rigar sanyina ta riƙe a kansa tana juyawa, ciki da waje, har garwashin ya mutu. Ta ba ni na sa. Sannan na ɗauki akwatunan muka sauka.

Auren bai mutu ba. Kowace Juma'a nake kira, ta tambayi bayana, in tambayi gwiwarta. A bayanta ina jin yara da awaki da ƙanwarta na kiran ta. Muryarta ta fi ƙarfi yanzu. Tana cewa in na gaji in taho, ni kuma ina cewa saura kaɗan.

Mai kayan zaƙi ta tambaye ni yadda bikin ya kasance. Na ce mata in za ta sake lissafa wa wani, ta ƙara da hayaƙi. Ta ce hayaƙin me? Na rasa yadda zan kwatanta mata, na koma bakin famfo.

Kaskon ta bar mani, yana Stains cikin jakata, ban sake kunna shi ba. Rigar kuwa kuskure na yi, na ci gaba da sa ta zuwa aiki, ina rataye ta a bayan ƙofar kicin. Kwana tara ƙamshin ya yi. Ranar da na farga na kai hanci, man suya kawai na ji.